Gishirin Kwaɗon Gwaggo

Na Allah ne mu, kuma kowa wajensa zai koma. Gwaggo ta riga mu, ranar wata Talata da hantsi, a ɗakinta na cikin garin Suleja, bayan jinyar da ba ta cika mako biyu ba. Yau kwana arba'in ke nan, kuma sai yau hannuna ya yarda ya riƙe biro a kanta.

Yayar mahaifina ce. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai aka ba ta ni riƙo tun ranar da aka yaye ni. Sunan mahaifiyarta aka sa min, shi ya sa har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce "Uwata". Don haka ni na zauna a kan tabarmar karɓar gaisuwa, kuma a nan na san cewa ban san rabin mutanen Gwaggo ba.

Gidan ya cika har zaure, har aka shimfiɗa tabarmi a gidan maƙwabta. Wata Bagwariya da ke kawo mata zogale daga Garam ta shigo, ta sauke kayanta daga kafaɗa, ta zauna a bakin ƙofa har la'asar. Maman 'yan biyu, Inyamurar da ke haya a gidan da ke manne da namu, ta ɗaura ɗankwali ta rufe kanta kamar mu, tana ta faɗin, "Mama ya tafi, wayyo, Mama ya tafi." Da ƙyar aka lallashe ta, aka gaya mata mu ba ma ɗaga murya a kan mamaci. Matan ma'aikatan Abuja kuwa sun zo mota-mota, wasunsu ban taɓa ganin fuskarsu ba, kowace ta durƙusa ta ce min ita ma 'yar Gwaggo ce.

Ana cikin wannan sai wata tsohuwa ƙawarta, wadda kunnenta ya yi nauyi don haka ba ta san ƙarfin muryarta ba, ta ja carbi ta ce, "Allah ya ji ƙanki. To yanzu kuma wa zai riƙa riƙe mana baƙi kafin shinkafa ta nuna?"

Wallahi sai da mata suka tuntsire da dariya, hawaye na zuba. Ni ma na yi, kuma na san da Gwaggo na nan da ta fi kowa darawa.

Wanda bai san bikin garinmu ba sai in yi masa bayani. A Suleja ba a taɓa sauke shinkafar biki a kan lokaci ba. Ko itace ya ƙi ci, ko nama bai iso daga mahauta ba, ko masu girkin sun tsaya musu a kan wadda ta fi iya tuƙa. Baƙi kuwa tun azahar sun cika gida, cikinsu na kiran ciroma. Aikin Gwaggo shi ne wannan tsakanin. Ita ce mai kwaɗo. Kafin a fara hamma, sai ka ga faranti na yawo: kwaɗon zogale, kwaɗon rama, na lansir idan lokacinsa ne, na garin kwaki da tumatir da albasa, ga yankakken gurji an barbaɗe shi da yajin ƙuli. Duk mai sanyi, babu wanda ke jiran wuta. Ba sana'arta ba ce, man gyaɗa take sayarwa a gida. Wannan zumunci ne, kuma fiye da shekara talatin tana yin sa.

Takan ce, "Yunwa ce ke kawo gulma a gidan biki. Ki toshe bakin mace da zogale, sai ta ce amarya kyakkyawa ce ko da ba ta gan ta ba."

Tsarin aikinta ɗaya ne, ba ya canzawa. Duk abin da zai hau wuta, tun jajibere yake hawa. A tsinke ganye, a dafa, a matse shi tsaf. Rama sai an zubar da ruwanta sau biyu don tsamin ya ragu. A baza a faifai a inuwa ya sha iska, sannan a zuba a fanteka, a rufa da jiƙaƙƙen farin ƙyalle, a ajiye a gindin randa. Man gyaɗa a soya shi da albasa, a bar shi ya huce. Ƙuli-ƙuli kuwa sai na Nufawa, in ba shi ba ta fasa, kuma a turmi za a daka shi, wai inji na kashe masa ƙamshi. Ranar biki babu abin da ya rage sai yanka albasa da tumatir da tattasai, sai haɗawa. Firji bai taɓa burge ta ba. Takan ce abin da 'yan wuta ke iya kashewa daga ofis, ba ta ɗora mutuncinta a kansa.

Abin da ya fi ba ni mamaki tun ina yarinya shi ne yadda take sanin yawan mutane. Ba ta taɓa tambayar mutum nawa aka gayyata ba. Tambayarta ɗaya ce: "Uwar bikin, ƙafarta na zuwa na mutane?"

Bayan da gwamnati ta tare a Abuja, garinmu ya cika da baƙi 'yan haya. Wata rana wata hajiya matar babban ma'aikaci ta zo da mota, ta ce za ta aurar da 'yarta, ta buga kati ɗari uku.

Gwaggo ta ce, "Madalla. Shekararki nawa a unguwar?"

"Uku, Gwaggo."

"Suna nawa kika shiga? Gaisuwar mutuwa fa?"

Hajiya ta gyara gyale ta ce ai kin san aiki, ba a samun lokaci. Bayan ta tafi Gwaggo ta ce min, "Uwata, fanteka biyu ta ishe ta." Na ce haba Gwaggo, kati ɗari uku fa. Ta ce, "Kati ba shi da ƙafa." Fanteka biyun muka kai, har sai da aka raba wa yaran unguwa ragowar.

A wannan shekarar ce kuma wata yarinya Bakanuwa ta haihu a wani gidan haya a Kwamba, kusa da inda nake aure. Mijinta direba ne a Abuja, ba ta da kowa a garin, mahaifiyarta kuma ba ta da lafiyar zuwa. Na ba Gwaggo labari a cikin hira kawai. Ashe ta riƙe. Ana gobe suna sai ga ta da zogale buhu guda, ta ce fanteka huɗu za a yi. Na ce Gwaggo, yarinyar nan ko mutum goma ba ta sani ba, wa zai ci? Da safe ta yafa mayafi ta bi gidaje ɗaya bayan ɗaya, cikin gari da Kwamba, duk inda ta taɓa kai fantekarta, tana cewa, "Jikata ta haihu, yau suna, ina jiran ku." Kafin la'asar tsakar gidan nan babu masaka tsinke. Mai jego ta leƙo ta taga ta ga mata, ta fashe da kuka. Gwaggo ta ce mata, "Share hawayenki, kada nono ya tsinke. Na kawo kwaɗon, na kuma kawo masu ci." Yarinyar nan tana cikin waɗanda suka kwana bakwai a gidanmu da aka yi rasuwar.

Ba wai Gwaggo ba ta karɓar sabon abu ba ne. Maman 'yan biyu ce ta koya mata yanka kabeji siriri da kankare karas, ita ce kuma ta sa ta fara jera dafaffen ƙwai a gefen faranti. Amma a kan farin kirim ɗin nan na kwalba da ake zuba wa salak, sun fi shekara biyar suna fafatawa ta kan katanga.

"Mama, zuba kaɗan, yana daɗi!"

"A zafin Suleja? Ki zuba da hantsi, kafin la'asar ya juya, ki aika mutum ɗari layin bayan gida? Ba da ni ba, 'yar nan."

Sai su yi dariya, gobe kuma a sake.

Tana da doka guda wadda ba ta wasa da ita: babu mai sa hannu a fantekarta. Za ki tsinke, za ki daka, za ki yanka albasa har idonki ya yi ja, amma haɗawa nata ne. Ta wanke hannun dama har gwiwa, ta yi bisimilla, ta zuba ƙuli, ta zuba mai, ta juya. Gishiri shi ne na ƙarshe, kuma sai ta ji an ce baƙi sun zauna, domin da zarar ya shiga sai ganye ya fara tsatsafo da ruwa, kwaɗon da aka sa wa gishiri ba ya jira. Ba ta awo. Ta dumbuza, ta watsa, ta juya, ta dangwali kaɗan ta taɓa a harshe sau ɗaya, ta ce, "Ya yi. A fitar." Ina da 'ya'ya uku a lokacin da na taɓa miƙa hannu zan ɗanɗana, ta make min shi da ludayi a gaban mata. Na yi kwana biyu ina kumbure-kumbure, ko a jikinta.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Shekara uku kafin rasuwarta, da damina, zazzaɓi mai zafi ya kwantar da ita kusan wata guda. Ta tashi, ta murmure, muka gode wa Allah. Bikin farko da ta yi bayan nan a Garam ne, walimar saukar karatu. Ta haɗa kamar kullum, ta taɓa a harshe, ta ƙara gishiri. Ta sake taɓawa, ta sake ƙarawa. Ban taɓa ganin ta ɗanɗana sau biyu ba, amma ranar sai da ta yi sau huɗu. Aka fitar.

Na kai loma ɗaya bakina. Gishiri ne zalla. Mata suka riƙa taɓawa suna turewa a hankali, suna neman ruwa. Babu wadda ta ce komai, wa zai iya? Farantai suka riƙa dawowa a cike, abin da bai taɓa faruwa ba tun da na yi wayo. Gwaggo na zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana kallon su suna dawowa. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce a juye a rufe, ta tashi ta yafa mayafinta.

Na gane ciwon ya tafi da ɗanɗanon bakinta. Amma ta yaya zan faɗa mata? A gidanmu ba a duban babba a ce masa ya gaza. Matar da ta goya ni, ta yi min aure, wadda duk garin nan an san ta da abu guda, ni zan buɗe baki in ce mata abin nan ya ƙare? Na gwammace ƙasa ta tsage in shige.

Bayan mako uku aka yi wani suna a cikin gari. Na raka ta. Ta haɗa komai a bayan ɗaki inda ba kowa, ina gefe ina miƙa mata kaya. Ina can ina wanke wuƙaƙe sai ta rufe fantekun da faifai ta ce, "Uwata, zauna ki kore min ƙuda, zan je in yi alwala."

Tana ba da baya na ɗaga faifai, na waiga hagu da dama kamar ɓarauniya, na ɗanɗana. Lami! Ko ƙwayar gishiri babu. Na ce innalillahi, abin ya kai har ta fara mantuwa. Na ruga madafa na ce a san min gishiri zan kurkure baki, haƙori ke damuna. Na dawo, na watsa, na juya fanteka uku da hannun da aka taɓa makewa da ludayi, na goge shi a zane, na rufe, na ɗauki mafici. Ta dawo, ta dangwala ta taɓa a harshe, ta ce, "Ya yi. A fitar." Ranar har siɗe farantai aka yi.

Tun daga ranar na zama mai ƙullin gishiri a bakin zane. Duk bikin da za ta je, ina biye da ita, ko da kuwa ranar makaranta ce, da yake koyarwa nake yi, sai in roƙi wata malama ta riƙe min ajina. Kullum ta gama haɗawa sai alwala, ni kuma sai sata. Ina ganin Allah ne kawai ke rufa mana asiri da ya sa alwalarta ke faɗowa daidai lokacin. Shekara biyu muna haka. Ko maigidana ban gaya wa ba.

Mutane kuwa sai cewa suke hannun Gwaggo ƙara kyau yake da tsufa, da tsohuwar zuma ake magani. Ba zan yi ƙarya a kan mamaci ba, wani lokaci abin yana sosa min rai. Ni ke tsaye da faɗuwar gaba, ita ke karɓar yabo tana gyaɗa kai. Sai in yi istigfari in ce ke, wa ya koya miki? Amma gajiya ta taru. Ga aji, ga yara, ga tsoron ranar da wata za ta leƙo ta gan ni da hannu dumu-dumu a fantekar Gwaggo.

Ana nan sai bikin Lambata ya taso. 'Yar aminiyarta ce ta ƙuruciya za ta aurar da 'yar fari, kuma uwar bikin irin matan nan ne da ƙafarsu ba ta zama, babu bikin da ba ta zuwa daga nan har Minna. Gwaggo ta ce fanteka shida. Na je gidanta da yamma na same ta tana tankaɗe ƙuli. Na daɗe ina kewaye-kewaye, sannan na ce, "Gwaggo, da kin huta haka nan. Jiki ya yi nauyi, ga hanya. A bar wa yara su yi."

Ta ajiye rariya. "Waɗanne yaran?"

"Ko su waye, Gwaggo. Ai kin yi naki, Allah ya ba da lada."

"Ke kika gaji, ko ni?"

Sai bakina ya suɓuce. Na ce, "To ni ɗin ma na gaji, Gwaggo. Mutum ba shi da Asabar, ba shi da Lahadi, kullum yana bin fanteka."

Ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ta ce, "Ba laifinki ba ne. Da ni na haife ki, da ba ki gaji da ni ba."

Tun da nake da ita ba ta taɓa gaya min wannan maganar ba, ko da wasa. Ji na yi kamar ta watsa min ruwan zafi. Na ɗauki takalmina a hannu na fita, ina kuka har Kwamba. Na rantse a raina ta je ta yi bikinta, in ga wanda zai kore mata ƙudan. Ranar Alhamis na ji labari ta hau mota da fantekunta ta tafi Lambata. Ban je rakiya ba, ban aika ba.

Ranar Asabar ɗin bikin na tara wanki na zauna a bakin rijiya, ina dirzar kayan yara kamar su suka yi min laifi. Maigidana ya fito zai tafi kasuwa ya ce, "Yau ba bikin Lambata ba ne?"

Na ce, "Shi ne."

"Ba za ki ba?"

"Ba ni da lafiya."

Ya dubi tulin wankin, ya dube ni, ya ce, "To Allah ya sawwaƙe," ya yi gaba abinsa.

Har aka kira azahar ina nan a kan bakana. Amma ina sallame salla sai abin ya tsaya min a ido: fanteka shida, lami, ana fitar da su gaban matan Lambata da na Suleja da na Minna. Na ga farantai na dawowa a cike. Na ga tsohuwar nan zaune a 'yar kujerarta tana kallon su, karo na biyu, a garin mutane, kuma wannan karon ba za a yi shiru ba, domin taron ya yi yawa. Shekara talatin na suna za su tafi a yini ɗaya, don kawai ni an gaya min magana. Na canza zane, na figi mayafi, na bar wa babbar 'yata ƙannenta.

Lokacin ana wahalar man fetur. Na iske tasha fayau, mota ɗaya ce, mutum kusan arba'in na kokawa a kanta. Na fi awa ɗaya a tsaye, sai wani mai a-kori-kura da ya sauke doya zai koma ya tausaya mana, muka ɗare baya mu takwas. Muna cikin tafiya na kai hannu bakin zanena don in taɓa ƙullina. Wayam. Yana can a zanen wankin da na tuɓe. Na ce shi ke nan, na yi gudun banza, ga shi na makara, ga shi hannu rabbana.

Sai bayan la'asar na isa. Tun daga waje nake jin guna-gunin mata. Uwar biki ta hango ni ta taho da gudu, ɗankwalinta a hannu.

"Alhamdu lillahi! Yaya, zo ki yi wa Gwaggonki magana, ko ke za ta ji. Tun azahar ta hana a fitar da kwaɗo. Wai bai huce ba! Ganyen da aka dafa tun jiya? Mutane har sun fara cewa rowa muke yi. Shinkafa ma ta sauka, amma Gwaggo ta ce ko faifai ba mai ɗagawa."

Na bi ta can bayan ɗakuna. Ga Gwaggo a gindin mangwaro, fanteka shida jere a gabanta a rufe, tana kaɗa mafici a hankali kamar wadda ba ta da wata damuwa a duniya. Na durƙusa na gaishe ta, ban iya ɗaga ido ba.

Ta ce, "Kin iso, Uwata? Ƙudajen garin nan ba su da kunya. Karɓi maficin nan, zan je in yi alwala."

Uwar biki ta ce, "Gwaggo, yanzu fa kika sallame la'asar."

"To ke ce mai riƙe min alwalar? Wuce ki zuba min ruwa a buta, ki nuna min hanya." Ta kama hannunta ta ja ta suka tafi.

Aka bar ni ni kaɗai, ina tunanin wace ƙaryar zan yi a madafar mutanen da ban sani ba. Na ce bari dai in fara dubawa. Na ɗaga faifan fantekar farko. A tsakiyar zogalen, an dasa wani ɗan ƙoƙo, cike da gishiri.

Na zauna a ƙasa. Ashe ta sani. Tun ranar Garam ta sani. Ba mantuwa ba ce, da gangan ta daina sa ko ƙwaya ɗaya, ta bar min, ta kuma ƙirƙiro alwala don kada in ji kunyarta, kada ita ma ta ji tawa. Ni ina can ina ganin ni ke rufa mata asiri, ashe ita ce ta ɗauki sunanta kacokan ta damƙa a hannuna, ta juya baya. Yau kuma ta zauna awa uku tana shan surutun mutane, tana jiran wadda ta ɓata wa rai, ba tare da ko saƙo ya zo mata cewa ina hanya ba. Na yi kuka mai isata a gindin mangwaron nan, amma a gurguje, don kwaɗo shida na jirana. Na wanke hannu har gwiwa, na yi bisimilla, na dumbuza.

Ta daɗe a alwalar nan fiye da kullum. Da ta dawo ƙoƙon na ƙarƙashin mayafina. Ta dangwala, ta taɓa a harshe, ta gyaɗa kai. "Ya yi. A fitar." Mutanen da suka riga suka ci shinkafa ma sai da suka nemi ƙari, kafin magariba an wanke fantekun.

A can muka kwana. Washegari muka samu mota, muna zaune a kujera ɗaya, fantekun na ƙara a bayanmu. Sai da Dutsen Zuma ya fara bayyana sannan ta ce, tana kallon taga, "Uwata."

"Na'am, Gwaggo."

"Nan gaba idan za ki yi fushi, ki duba ranar da babu biki."

Na ce, "To, Gwaggo."

Ta gyara mayafi. Can ta ce, "Bakin nan nawa, kin dai san ya lalace. Abin da ya faɗa miki ranar nan, kada ki riƙe shi."

Iyakar abin da muka taɓa faɗa wa juna a kai ke nan. Na ɗora kaina a kafaɗarta kamar ƙaramar yarinya, ni da 'ya'yana huɗu, a cikin motar haya, ba ta kuma ture ni ba. Bayan nan mun yi biki bakwai ko takwas tare kafin ciwon ajali ya zo. Ba ta fasa tafiya alwalarta ba, ni ma ban fasa jiran ta ba da baya ba, sai dai na daina waige-waige.

Gwaggo, yau na tona abin da muka rufe, ki yafe min. Na duba ban ga abin kunya a cikinsa ba, kuma ina tsoron in mutu da shi a ce ba a san irin matar da aka yi ba. Na yi karatu, na yi aure, na haifa, amma babu wanda ya taɓa yarda da ni kamar yadda kika yi a gindin mangwaron nan.

Duk wanda ya taɓa kai lomar kwaɗonta bakinsa, ina roƙon ya karanta mata Ƙulhuwallahu ƙafa uku. Allah ya yafe mata kurakuranta, ya yalwata makwancinta, ya sanyaya shi. Yadda ta rufa wa 'yar riƙonta asiri, ta kuma bar ta tana ganin ita ce mai rufawa, ya Allah ka rufa mata nata ranar da ba mai rufawa sai kai. Amin.